Awa Goma Sha Ɗaya a Kujerar Falo

Ni na jawo rigimar da kaina, gara in faɗa tun daga farko. Da Auta ta turo tikitin jirgin uwarta ta waya, na sa tabarau na karanta: tashi ƙarfe tara na safe, sauka ƙarfe biyu na rana. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa tirela, lissafin hanya ba baƙona ba ne. Na ƙirga da yatsa na ce, "Maman Auta, awa biyar ce kacal. Kafin ki gama kallon mutane an sauke ki."

Kwana uku ina yawo da wannan awa biyar ɗin. Na gaya wa Kafinta, maƙwabcinmu, na gaya wa Mai Kemis na bakin titi, har mai kawo mana gas ya samu rabonsa. A rana ta huɗu Auta ta kira ta bidiyo, na maimaita mata ina hura hanci. Yarinyar nan ta bushe da dariya, tana riƙe ciki tana roƙona in bari kada in sa ta haihu lokaci bai yi ba.

"Baba, agogonmu na nan yana bayan naku da awa shida. Ƙarfe biyun da ka gani namu ne. Awa goma sha ɗaya za ta yi a sama."

Na ce, "To wa ya aike su su rubuta lokaci biyu a takarda ɗaya?"

Duk inda na taɓa kai kaya, agogon da na tashi da shi, da shi nake sauka. Na tambaye ta nisan, ta duba ta ce kilomita dubu takwas da ɗari takwas. Na shiga rabawa a kaina. In na matsa wa mota, ɗari biyar nake ci a rana. Kwana goma sha takwas ke nan, in da hanya, in kuma babu teku a tsakani. Shekara huɗu da tafiyar yarinyar nan, ban taɓa jin nisanta a jikina ba sai ranar.

Uwarta tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, komai a kunnenta. Ta ce, "Ba zan iya ba." Ta juya ta koma ciki.

Auta ita ce 'yarmu mace tilo, kuma sai da muka cire rai ta zo. Aikin jinya take yi a can, mijinta ma baƙo ne a garin, babu nasa babu nata. Cikin fari ne, saura mako biyar, kuma tun da ta samu cikin ba ta roƙi komai ba sai abu ɗaya: uwarta ta zo. Ni babu ni a lissafin. Shekara uku da suka wuce aka yi mini aiki a zuciya, likita ya ce doguwar tafiyar jirgi in manta da ita. Yayyen Auta maza biyu kowa yana garin aikinsa da iyalinsa, sun ce in je in zauna wurinsu, na ce ba inda za ni, ni ba kayan ajiya ba ne.

Hujjar Maman Auta ita ce zama. Kuma a gaskiya matar nan ba ta iya zama ba. Shekara ashirin da biyar tana dafa abinci a makarantar kwana, a tsaye. Ta yi ritaya, tsayuwar ba ta yi ba. A tsaye take cin abinci, a tsaye take sauraron labarai, in baƙi suka zo ta ɗosana a hannun kujera na minti biyu, sai ta tuna akwai wani abu a kan wuta. Ta ce bayanta ba zai ɗauki awa goma sha ɗaya ba, ƙafarta za ta kumbura, za ta tashi ta yi ta zagaye har su ɗauka mahaukaciya ce. Na lallashe ta, na yi faɗa, na yi fushi na ƙi cin abincin rana, ko a jikinta. Auta ta kira sau biyu tana kuka. Uwar ta ce mata, "Allah zai raba lafiya," ta miƙo mini wayar, ta shiga wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta goya yarinyar nan ta kai ta asibiti a ƙafa lokacin ƙyanda, ita ce yau kujera ta gagare ta?

A wurin aikinmu ba a miƙa wa sabon direba doguwar hanya haka kawai, sai an gwada shi. Wannan ne ya faɗo mini wata safiya ina shan shayi. Na ce, "Mu gwada mana. A nan falo. Ki zauna awa goma sha ɗaya. In kin iya, ki tafi. In kin tashi, na rantse ba zan sake ɗaga maganar ba."

Na ɗauka za ta ce tsufa ya fara taɓa ni. Sai ta tsaya tana kallona, ta daɗe, har na tsargu na duba ko shayi ya zubo mini a riga.

Ta ce, "To. Amma a yi shi yadda yake. In ina jirgi, babu mijina a wurin. Ba zan yi maka magana ba, kai ma kada ka zo kana tambayata inda gishiri yake."

Na ce, "Wannan ne sharaɗin? Allah ya kai mu."

Kafinta ya taɓa hawa jirgi sau ɗaya, da aka ɗauke su aikin ƙofofin wani otal, kuma tun daga lokacin bai bar kowa ya huta ba. Da na gaya masa shirin, ya ajiye zarto ya biyo ni da tef ɗin awonsa. Ya ƙi kujerar falo mai laushi, ya ce wannan ta masu kuɗi ce. Ya ɗauko ta teburin cin abinci mai hannu, ya kai ta jikin taga, ya jawo doguwar kujera ya juya mata baya a gabanta, yana aunawa yana matsowa har sai da ya rage wurin gwiwa kawai.

"Haka yake, Direba. In na gabanka ya kwantar da kujerarsa ma, gashin kansa za ka ƙirga."

Ya ce ana barin mutum ya je banɗaki ya dawo, ya ɗan miƙe ƙafa, amma banda yawo. Ya ce dole a samu ƙara, don jirgi ba ya yin shiru, muka kawo fankar tsaye muka ajiye ta a bayan kujerar. Ɗamara kuwa tsohon bel ɗina na fata ya yi aikin. Yana fita ya leƙa kicin ya ce, "Maman Auta, Allah ya kiyaye hanya." Ta ce masa ya gaida gida.

Ranar Asabar, ƙarfe bakwai saura kwata, ta zuba mini magungunan safe a tafin hannu ta miƙo kofin ruwa, kamar kullum tun da aka sallamo ni daga asibiti. Sannan ta shiga ɗaki ta fito cikin kayan fita, da takalmi, da jaka a kafaɗa, har da turare. Ta ratsa tsakanin kujerun nan ta zauna, ta ɗaura bel. Agogon bango yana gabanta sosai. Bakwai daidai na kunna fanka na ƙure ta, na rataya tawul a hannu, na zama ma'aikacin jirgi.

"Ranki ya daɗe, barka da shigowa. Shayi ko ruwa?"

"Shayi. Sukari cokali ɗaya."

Minti ashirin na yi ina neman sukari a kicin ɗin da na gina da guminna. Gwangwanin da aka rubuta sukari, gishiri ne a ciki. Na madara, ganyen shayi. Sukarin yana cikin wata robar man shanu a bayan tukwane, Allah kaɗai ya san dalili. Sau biyu ƙafata ta ɗauke ni zuwa ƙofar falo, sau biyu na dawo. Da na kawo shayin ya huce. Ta kurɓa, ta dubi taga, inda babu abin kallo sai katangar Kafinta da igiyar shanya.

Ta ce, "Bawan Allah, sabon ɗauka ne kai a kamfanin nan?"

Na ce, "Yau na fara, ranki ya daɗe."

"Ya nuna."

Awa biyun farko ta sha wuya, ban ɓoye ba na tausaya mata. Ta gyara zama ya fi sau hamsin. Ta buɗe jaka ta rufe, ta cire zobe ta mayar. Wani zare da ya zazzago daga labule ya tsone mata ido, hannunta ya kai ya dawo. Ƙarfe tara ta nemi izinin banɗaki, na raka ta da ido. A hanyar dawowa ta ga tsintsiya a yashe a tsakar ɗaki inda na jefar da ita. Ta tsaya a kanta. Na ga yatsunta suna motsi. Sai ta tsallake ta ta koma kujera, abin da ban taɓa gani ba tun da na aure ta.

Ni kuma na shiga aikin gida ina fito, don in nuna mata abin ba komai ba ne. Na yi shara, na shanya kayan da ta jiƙa tun jiya, na zubar da bola. Wajen sha ɗaya da rabi na ɗora shinkafa. A hanya na sha dafa shinkafa a gindin mota, amma a risho ne, kuma yunwa ba ta da zaɓe. Gas wani abu ne daban. Na fita in kwashe wata riga da iska ta yar, Kafinta ya leƙo ta katanga yana tambayar ko mun tsallake teku, muka tsaya surutu. Ƙauri ne ya dawo da ni a guje.

Na bi ta falo na gan ta. Idonta a rufe, hancinta a buɗe, hannuwanta biyu sun damƙe hannun kujera. Matar da ta ciyar da yara ɗari huɗu kullum ba ta taɓa ƙona tukunya ba, ga tukunyarta tana ƙonewa taku goma daga inda take, kuma ba ta ce uffan ba. Na ce a raina, lallai matar nan da gaske take.

Na kwashe ta saman da ba ta kama ba, na soya ƙwai biyu na ɗora, na kawo mata a tire. Ta ɗora a cinya ta ci a zaune, a hankali, ta cinye tas.

"Abincin jirgin nan ya ji wuta."

"Iska muka shiga, ranki ya daɗe. Tukunyar ta yi ta rawa."

Ta danne dariya da bakin mayafi.

Bayan azahar, da ta yi sallarta a zaune kamar yadda Kafinta ya ce ana yi, gajiya ta kama ni. Na ajiye tawul, na jawo wata kujera kusa da tata na zauna. Ta harare ni. Na ce ni fasinja ne, an canza mini wuri, kuma sharaɗi bai hana hira da baƙo ba. Ta yi tunani ta ce haka ne.

Na ce, "Baiwar Allah, ina zuwa?"

"Wurin 'yata. Haihuwa za ta yi."

"Allah ya raba lafiya. Wa kika bari a gida?"

"Wani tsoho mai taurin kai."

"Ai irinsu sun fi daɗewa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da kallon katangar nan, fanka tana kaɗa mata gefen mayafi.

Ta ce, "Direban babbar mota ne a da. Ya tafi kwana tara, ya tafi kwana goma sha biyu. Lokacin babu waya. In ya fita, sai dai in ji ƙarar motarsa ta shawo kwanar layi, sannan in san yana da rai. Farkon aurenmu nakan zauna in jira shi. To in na zauna, sai tunani ya zo ya zauna kusa da ni. In ga motar a rami, in ga an zo ana sallama da hula a hannu. Wata rana na tashi na wanke duk kwanukan gidan, masu datti da marasa datti, sai na ga abin ya yi sauƙi. Tun daga nan ban sake zama ba."

Shekara talatin da takwas ina yi mata tsiya a kan tsayuwar nan, ina gaya wa baƙi cewa matata an haife ta babu maɓallin zama, suna dariya tana dariya. Ashe ni ne na tsayar da ita. Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani irin so mai ciwo da ban san inda zan ajiye shi ba.

Na ce, "Shi ya sani?"

"Ina zai sani? In ya dawo barci yake yi."

Na miƙa hannu zan kama nata, ta janye ta ce, "Malam, ni matar aure ce." Na tashi na koma kicin, don idona ya fara ba ni kunya.

Tukunyar nan tana jirana, ƙanzo baƙi ƙirin ya kama gindinta. Na jiƙa ta, na samo soson ƙarfe, na zauna a kan ɗan benci na shiga kankara. Na ƙudura ba za ta sauka daga jirgi ta tarar da tukunyarta haka ba. Ina kankara ina tuna hanyoyin da na bi, da garuruwan da na ƙara kwana ba dole, don kawai hira ta yi daɗi. Ban san lokaci ya ja ba.

Ƙishirwa ce ta taɓa ni. Wata irin ƙishirwa ta sabo, ba ta zafi ba. Na ga hannuna na dama ya buɗe da kansa a kan gwiwata, yana jiran a zuba masa wani abu. Kullum ƙarfe huɗu, duk inda nake a gidan nan, kofin ruwa yakan same ni da ƙwaya ɗaya. Na ajiye soson ƙarfe. Na leƙa falo, agogo ya ce huɗu da minti goma sha biyar.

Tana zaune a miƙe, idonta a kan agogon nan ko ƙiftawa babu, leɓenta yana motsi. Hannunta ɗaya yana kan bakin bel, ta riƙe shi gam.

Na wuce ɗaki na ɗauko gwangwanin biskit ɗin da take ajiye magunguna a ciki. Na buɗe na leƙa. Iri shida ne. Biyu farare ne ƙanana, kamar an raba su daga uwa ɗaya. Shekara uku ina haɗiyar abin nan, ban taɓa duba ko wanne ne ba, buɗe hannu kawai nake yi. Ni da ba na tayar da mota sai na duba mai, na duba ruwa, na bubbuga kowace taya, ban san abin da ake zuba wa injin jikina ba.

Na fito falo da gwangwanin a hannu, bakina ya riga ya buɗe. Ta dube ni. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarta ba, ko ranar da aka shiga da ni ɗakin tiyata. Sai ta kau da kai, ta juya wa taga fuska.

A nan na gane wa ake gwadawa tun safe. Bayanta lafiyarsa ƙalau. In na tambaye ta, za ta amsa kafin in rufe baki, ta kwance bel ɗin nan, ta je ta ɗebo ruwa, kuma shi ke nan, Auta za ta haihu a hannun baƙi.

Na rufe bakina. Na zauna a ƙasa a tsakiyar falo, inda za ta iya ganina in ta so, na juye gwangwanin a kan tabarma. Akwai katin asibiti a ƙasansa, amma rubutun likitan nan ko shi kansa ban ce zai iya karantawa ba. Na sa tabarau, na cire, na goge, na mayar. Na ɗauko waya na kira Mai Kemis, na sa a sifika.

"Direba, lafiya? Ina Maman Auta?"

"Ta yi tafiya."

"Tafiya? Yaushe?"

"Tana sama yanzu haka. Bar wannan. Wanne nake sha ƙarfe huɗu?"

Ya ce in karanto masa sunayen. Na shiga karantowa harafi harafi, ina tuntuɓe, yana gyara mini yana dariya. Ya buɗe littafinsa ya duba, ya ce ƙaramar farar mai tsaga a tsakiya, ɗaya tak. Ɗayar farar ta safe ce, kada in kuskura in maimaita ta. Na ce ya tsaya kada ya kashe. Na samo biro, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa a jikin kowane kwali da manyan baƙaƙe: safe, la'asar, bayan cin abincin yamma. Na sa ya sake faɗa, na sake karanta masa, ya ce daidai.

"Direba, ashe ka girma."

Na ce, "Allah ya shirye ka," na kashe.

Na je na ɗebo ruwa da kaina, na dawo tsakiyar falo na tsaya, na haɗiye ƙwayar, na ajiye kofin da ɗan ƙarfi don a ji. Ba ta juyo ba. Kafaɗunta ne kawai suke rawa, kuma ta cusa bakin mayafi a baki. Hannunta ya sauka daga kan bel ɗin.

Sauran awa ɗaya da rabin babu wanda ya yi wasan jirgi. Na gama tukunyar, ta fita ba laifi, na kife ta. Na kwaso shanya na ninke yadda na iya. Duk sanda na gifta ta falo, tana nan zaune shiru, ta jingina kai da bango. Wajen biyar da rabi na ga har ta yi gyangyaɗi.

Shida daidai na kashe fanka. Shirun ya cika ɗakin, har kukan yaran layi ya shigo. Na ce, "Ranki ya daɗe, mun sauka lafiya."

Ta kwance bel, ta yunƙura, ƙafafun suka ƙi. Na ture doguwar kujerar gefe, na durƙusa na cire mata takalmi. Sun ɗan kumbura, shatin igiyar takalmin ya fito raɗau. Na ɗora ƙafar a cinyata na shiga matsawa, ta bar ni.

Ta ce, "Malam, minti ashirin da bakwai ka makara."

"Gobe ba zan makara ba."

"Zuwa huɗu da rabi na ba ka. Da ta cika, da na tashi."

"Me ya hana ki gaya mini tun farko cewa ni ne matsalar? Kika bar ni ina ta zagin bayanki."

"In na gaya maka, cewa za ka yi kai ba yaro ba ne, ka yi fushi, ka ƙi cin abinci. Na san kayana." Ta share ido da bayan hannu. "Ina son in je wurin yarinyar nan kamar raina zai fita. Amma in na rufe ido sai in gan ka a ƙasa a kicin, ni kuma ina can, ko na taso a lokacin sai an kwana an wuni kafin in iso."

Na ce, "Kafinta yana nan, Mai Kemis yana nan. Kuma yanzu na san mai tsaga a tsakiya."

"Sukari fa?"

"Robar man shanu, bayan tukwane."

Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce, "Kira ta."

Na duba agogo na cire shida, yanzu na iya. Tsakar rana ce a can, sai na kira ta bidiyo. Auta ta ɗauka tana cin wani abu, fuskarta ta cika ta yi fam. Uwar ta karɓi wayar ta riƙe ta kusa da hanci yadda ta saba, ba a ganin komai sai goshinta.

"Auta, ki gyara mini wurin kwana. Ina zuwa."

Yarinyar ta ajiye cokali. Ta ce, "Mama, da gaske?" Sai kuka, uwar ma kuka, suna magana a tare babu mai jin wata. Ina durƙushe a wurin da takalmi ɗaya a hannuna, ina murmushi kamar wanda ya ci gasa. Sai murmushin ya tsaya mini a fuska. Tun bakwai na safe nake ta fama, na ƙona shinkafa, na kankare tukunya, na zubar da girmana a gaban Mai Kemis, duk don in fitar da matar nan daga gidana.

Da suka gama na ce, "Wata nawa ma za ki yi?"

"Uku."

Na juya takalmin a hannuna. Ban saba faɗin irin wannan magana ba, amma ta fito.

"Maman Auta, ba na so ki tafi."

Ta ɗora hannu a kaina, a kan furfurar, ta bar shi a wurin.

Ta ce, "Na sani." Can ta ce, "Akwatin yana ƙarƙashin gado. Jawo shi za ka yi, kada ka ɗaga."

Na je na jawo shi har falo. Ya yi ƙura sosai. Na samo tsumma na zauna kusa da ƙafarta na shiga goge shi, kuma ban yi sauri ba.